Idan Ɗan Mutane Ya Faɗi a Hannunki: Abin da Gidan Reno Ya Koya Mini

Shekarata ta biyu da buɗe gidan reno a unguwar Mabera, nan Sakkwato, cikin watan Afrilu, wani yaro ɗan shekara biyu ya sandare bisa tabarma ana tsakiyar cin shinkafa da wake. Idanunsa suka juye, hannu da ƙafa suka ɗauki karkarwa. Kafin in dire kwanon da ke hannuna Inna mai yi mana girki ta iso, cokali a hannun dama, albasa a hagu, tana cewa, "Ku riƙe mini shi, shina cizon halshe nai!" Na riƙe mata shi. Ta cusa cokalin. Yaro ya farfaɗo, Allah ya kiyaye, amma da ɓallin haƙori da dasashi yana zubar jini. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta gama duba shi, ta ɗago ta ce mini, "Malama, jijjigar ba ta yi mishi komai ba. Cokalinku ne ya ji mishi ciwo."

Yau shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, yara talatin da 'yan kai a hannuna, daga na goye zuwa 'yan shekara biyar. Ni ba likita ba ce, kuma ba likitanci zan koya miki ba. Na ga mata da yawa suna buɗe gidajen reno a Arkilla, Gawon Nama, Runjin Sambo, da fenti mai kyau da lilo da zanen giwa a bango, amma idan ka tambayi ma'aikaciya me za ta yi in yaro ya shaƙe, sai ta ce za ta kira Anti. To Anti kuma fa? Abin da na gane shi ne, yawancin ɓarnar da ke samun yaro a wurinmu ba daga ciwon take zuwa ba, daga abin da muke yi masa cikin ruɗewa ne, da kuma abin da muke ɓoye wa iyayensa daga baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ranar da uwa ta kawo ɗanta rajista, kada zancen kuɗin wata ya cinye zaman. Ki buɗe wa kowane yaro shafi. Lambar waya uku nake karɓa: ta uwa, ta uba, da ta wani na kusa wanda ba ya shiga ofis ko aji ya kashe waya, galibi kaka ko gwaggo. Sai tambayoyi: yana da sikila? Ya taɓa jijjiga? Yana da asma? Akwai abinci ko maganin da jikinsa ba ya so? Wasu iyaye suna ɓoye sikila don gudun kada a ƙi karɓar ɗansu, saboda haka nake fara cewa, "Ba don in mayar da shi nake tambaya ba, Hajiya, don in san yawan ruwan da zan riƙa ba shi ne." Daga nan gaskiya ke fitowa. Ki nemi katin rigakafi ki gani da idonki: allurar sati 6, sati 10, sati 14, da ta ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Sannan uba ko uwa su sa hannu cewa idan abu ya taso kuma ba a same su a waya ba, kin sami izinin kai yaro asibiti. Layi biyu ne kawai, amma ranar da kika tsaya bakin ƙofa da yaro a kafaɗa kina tunanin ko mahaifinsa zai yi faɗa, za ki san amfaninsu.

Akwatin taimakon gaggawa ba sai mai tsada ba. Nawa robar ajiye abinci ce mai murfi, tana bisa kanta inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma ba a sa mata kwaɗo, don kwaɗo sai ranar buƙata makullinsa ke ɓata. A ciki akwai ma'aunin zafin jiki, safar hannu, bandeji, filasta, auduga, almakashi, sabulu, ORS (garin gishiri da sukari) da zink na zawo, farasitamol na yara da sirinjin awo, tocila, da ambulan mai kuɗin mota da na kati. Wannan ambulan ba a ranta daga cikinta, ko ni ban isa ba. Kowane farkon wata nake zazzage robar in duba kwanan watan da ke jikin magani.

Ki samu mai keke napep ɗaya amintacce a unguwa, ki ajiye lambarsa a bango, da ta wani ɗan kabu-kabu in ba a same shi ba. Ki yanke tun yau inda za ki nufa: asibitin unguwa don ƙananan abubuwa, babban al'amari kuwa asibitin ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gwargwadon wanda ya fi miki kusa. Ki kuma raba aiki: wance ke riƙe marar lafiya, wance ke kiran waya, wance ke kwashe sauran yara zuwa wani ɗaki. Na ƙarshen nan kowa ke mantawa. Ana can an taru kan yaro ɗaya, na biyu ya tafi bakin bokiti.

Sai duban safe. Ni da kaina nake tsayawa bakin ƙofa, in karɓi kowane yaro in taɓa wuyansa, in dubi idonsa, in tambayi yadda ya kwana. Uwa mai sauri zuwa aiki takan ɗura wa yaro farasitamol da asuba ta kawo shi jiki sanyi ƙalau, ƙarfe goma sha ɗaya zazzaɓi ya dawo. Ba na ganin laifinta, na san abin da ake ciki. Amma ina tambaya kai tsaye, "An ba shi wani abu yau?" Don in ban sani ba zan iya ƙara masa wani bisa wani.

Zazzaɓi da jijjiga

Bayan hannu ba ma'auni ba ne, balle a Sakkwato cikin bazara, inda zafi ke haura digiri 40, kowane yaro ka taɓa kamar an sauke shi daga murhu. Ki sa ma'auni a hamata. Daga 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Ki rage masa tufafi, ki kai shi inuwa mai iska, ki ba shi ruwa ko nono, ki goge jikinsa da ruwa mai ɗan ɗumi, ba na firiji ba. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 15 kan kowane kilo, don haka nake rubuta nauyin kowa a shafinsa. Yaro mai kilo 10, in kwalbar an rubuta 120mg/5ml, wajen mil 6 ke nan. Ba a wuce sau huɗu a kwana ɗaya, kuma da sirinji ake awo, ba da cokalin shayi ba. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam.

Farasitamol yana sauke zafi, ba ya kashe abin da ya kawo zafin. A nan garin, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, yaro mai zazzaɓi sai an yi masa gwajin maleriya a ranar, ba gobe ba. Ina kuma bibiyar maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, na kwana biyun da ya rage su bar wa uwa, kuma a nan ake sakaci. Duk zagaye sai na tambaya, "An ƙarasa na biyu da na uku?"

Akwai yaran da ba a jira da su. Jariri ɗan ƙasa da wata uku mai zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Mai sikila da zazzaɓi, haka nan. Sai yaron da ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi laushi kina tashinsa yana komawa. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur yana natse: daga wata 2 zuwa shekara, sau 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara zuwa biyar, sau 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja numfashi, kada ki tsaya ƙirga, ki ɗauko mayafi.

Daga hunturu zuwa ƙarshen bazara ki sa sanƙarau a ranki. Mu da muka ga 2017, lokacin da ya taso daga Zamfara ya shigo mana, ba sai an tuna mana ba. Zazzaɓi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙage, yaro ba ya son haske. Jariri ba lallai wuyansa ya ƙage ba, sai dai maɗigarsa ta kumburo, ya yi ta kuka mai tsini ko ya ƙi nono. Wannan awa ɗaya ma tana da tsada.

To, jijjiga. Tana yawan kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5 idan zafi ya hau, kuma ganinta ya fi ta kanta ban tsoro. Mafi yawa tana wucewa da kanta cikin 'yan mintoci. Abin da za ki yi kaɗan ne, wuyarsa kawai ki iya tsayawa a kansa. Ki shimfiɗa yaro a ƙasa, ki kawar da abin da zai buge shi, ki sa zane ƙarƙashin kansa, ki juya shi ya kwanta ta gefe don yawu ko amai su zubo waje, ki sassauta wuyan riga, ki dubi agogo. Shi ke nan. Ba cokali, ba yatsa, ba ruwa, ba rubutu, ba man ja, ba magani. Mai jijjiga ba ya iya haɗiya, duk abin da kika ɗura masa huhu zai nufa. Ba a danne shi, ba a matsa masa albasa a ido, ba a kara ƙafarsa ga wuta, ba a turara masa hayaƙi. Addu'a kuwa ki yi iyakar iyawarki, da baki ake yin ta, hannu yana gefe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Agogon nan dalilinsa shi ne, minti biyu na jijjiga a idon mai kallo kamar rabin awa ne. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta tsaya ta dawo, a ɗauke shi a kwance ta gefe a tafi. Ko ta tsaya da wuri, a ranar likita zai gan shi, don a ƙasarmu maleriya da sanƙarau duk suna zuwa da jijjiga, kuma ba ke za ki bambance su ba.

Zawo

Zawo ba ya zuwa da hayaniya, shi ya sa ake raina shi. Ruwan jiki yake tsiyayewa a hankali. Da yaro ya yi na ruwa sau biyu ko uku, ki haɗa ORS. Ki karanta jikin ledar, yawancinsu lita ɗaya ake zuba wa, wato ruwan leda biyu masu rabin lita. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi mil 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali. Haɗin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In babu ORS a kusa: lita ɗaya na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Na taɓa kama wata ma'aikaciyata ta juya lissafin, Allah ya sa na kurɓa kafin ta ba yaron. Tun ranar na rubuta awon da babban baƙi na manna jikin robar.

Zink ana sha kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu: miligiram 20 ga wanda ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba. Ba a hana nono, ba a hana abinci. In ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, kika tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko kika ga jini a kashin, aikinki ya ƙare, na asibiti ya fara.

Za ki sha jin "haƙori ne yake fitarwa". Haƙori yana sa yawu da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba shi ke kawo zawo mai yawa da zazzaɓi mai zafi ba. Abin da ke faruwa, a watannin nan ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki. Kuma ba na karɓar maganin haƙori ko na tari da aka sayo kemis ba takardar likita. A 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya gurɓata da guba, yara 84 suka rasu a ƙasar nan. Duk maganin da uwa ta kawo, sai a kwalbarsa ta asali, da sunan yaro da awo da lokaci a rubuce, in ba haka ba ta koma da abinta.

Shaƙewa

Wannan kaɗai ne ba ya ba ki lokacin kiran kowa. Gyaɗa, aya, ƙwallon dabino, magarya, alewa mai tauri, murfin biro, dutsen ado da ya ɓalle daga ɗankwali. Na hana gyaɗa da aya shiga gidana ga duk ɗan ƙasa da shekara biyar, dabino kuma sai an cire ƙwallo. Iyaye sun yi gunaguni wata ɗaya suka saba.

In yaro yana tari da ƙarfi yana kuka, iska na wucewa, ki bar shi ya yi tarinsa kina kusa. Shirun ne abin tsoro: baki buɗe, ba sauti, ido a waje, leɓe na sauya launi. Jariri ɗan ƙasa da shekara, ki zauna ki kifa shi bisa hannunki, hannun bisa cinya, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, ki tallafi muƙamuƙinsa, ki bugi tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar, bugu na gaske, ba lallashi ba. In bai fito ba ki juyo shi rigingine, yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ki danna sau biyar. Ki yi ta maimaitawa. Wanda ya wuce shekara, ki sunkuyar da shi ki yi bugun baya biyar, sannan ki durƙusa a bayansa, ki dunƙule hannu tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, ki riƙe da ɗaya hannun, ki fizgo ciki da sama sau biyar. Kada ki zura yatsa kina lalube a maƙogwaro, tura abin za ki yi ciki. Sai wanda kike gani ƙuru-ƙuru a baki za ki ɗauko. In ya sume, a fara danna ƙirji da hura numfashi ana tafiya asibiti. Wannan kam ba a koyonsa a rubuce. Ki nemi wata ma'aikaciyar jinya ko mutanen Red Cross su zo ranar Asabar su nuna muku da 'yar tsana, kowa ta gwada da hannunta, har mai shara.

Ƙuna, da sauran abin da ke cikin gida

Ƙunar da na fi gani ta kunu ce da ruwan shayi. Magani na farko ruwa ne: ki yi ta kwarara ruwa mai sanyi bisa wurin har minti 20. Na san famfo ba kullum yake kawowa ba, shi ya sa nake da jarka biyu da ba a taɓawa ko mai ruwa bai zo ba, da buta ake zubawa a hankali. Ba ƙanƙara. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba man ja, ba baƙin mai, ba toka. Duk waɗannan riƙe zafin suke yi ciki, su kawo ƙwayar cuta, sannan a asibiti sai an kankare su daga ɗanyen nama yaro yana ihu. Ki cire awarwaro ko zobe kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne da fata ki bar ta, kada ki fasa ƙurjin ruwan da ya taso. Ki rufe da zane mai tsabta marar gashi, sauran jikin ki lulluɓe kada sanyi ya kama shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce. Cikin bazara ki riƙa taɓa ƙarfen lilo da sumunti da tafinki kafin ki saki yara, don da rana tsaka suna iya tale tafin ƙafa.

Kananzir ko fetur a gorar lemo, fiya-fiya a ƙarƙashin gado, maganin ɓera bayan ƙofa: kada su kwana a gidan reno. In har yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa man ja ko madara. Kananzir in ya dawo ta maƙogwaro yana shiga huhu, a nan yake yin kisa. A cire rigar da ta jiƙe da shi, a ɗauki kwalbar a tafi da ita likita ya gani. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da kayan wasa, in an haɗiye shi ba a jiran ya fito a kashi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu.

Haɓo yana yawa da hunturu. Kowa ya saba ɗaga kan yaro sama, jinin ya bi maƙogwaro. A'a: ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ki matse tattausan hanci minti goma ba sakewa. Yanka da ƙurjewa, ruwa da sabulu, a danne da bandeji mai tsabta har jini ya tsaya. Cizon kare ko mage, wanki da sabulu minti 15 sannan asibiti, ko da ɗan ƙarzane ne. Kunama ta harbi ƙaramin yaro, ki wanke, ki sa tsumma mai sanyi, ki kai shi a duba, jikinsa ba irin namu ba ne. Hannun da ya kumbura yaro ya ƙi motsa shi, kada ki ja, kada ki murza, ki tallafe shi yadda yake, a ɗauki hoto kafin kowa ya yi zancen maɗori. Bokiti da baho da randa kuwa, ko a rufe ko a kife. Ɗan rarrafe kansa ya fi jikinsa nauyi, ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya ishe shi, kuma ba za ki ji ko motsi ba.

Wanda zai zauna gida

Nan ne ake ɓatawa da iyaye, don haka ki faɗa tun ranar rajista. Mai zawo ko amai sai ya yi kwana biyu cur da tsayawa. Mai zazzaɓi sai ya kwana ya wuni lafiya ba da taimakon farasitamol ba. Ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe. Ƙyanda aƙalla kwana huɗu bayan fesowar ƙuraje, kuma ki sani tun kwana huɗu kafin su feso yake rabawa, lokacin da kowa ke cewa mura ce da jan ido. Don haka da an samu ɗaya, ki sanar da duk iyaye a ranar, ba tare da kiran sunan yaron ba, ki kuma gaya wa asibitin unguwa. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, tun da mashaƙo ya dawo arewa a 2022, ba na wasa da shi. Makero da ƙazuwa, a fara magani, a raba tabarma da mataji da tawul.

Abu ɗaya da nake yi wanda ban cika gani wurin wasu ba: ina duba bakin yara, musamman wanda ya tashi daga ƙyanda ko ya rame. Dasashi mai jini, wari mai ƙarfi, kunci ya ɗan kumbura, yaro ya ƙi cin abinci. Haka cutar noma mai zaizaye baki ke farawa, kuma cikin 'yan kwanaki take cin fuska. A farkonta maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Mu da asibitin noma ke cikin garinmu tun 1999, mutane na tasowa daga nesa suna zuwa, abin kunya ne a ce ta tsere mana a hannu.

Faɗa wa iyaye

Wata shekara wata yarinya ta faɗo daga lilo ta bugi ƙeya. Ta yi kuka ta yi shiru, ta koma wasa. Ma'aikaciyar da ke wurin ta ji tsoron faɗana, ta ja bakinta. Da dare yarinya ta yi ta amai, iyaye suka kwashe ta asibiti, likita yana tambaya ko ta faɗi, suna cewa a'a. Sai da safe zancen ya fito. Yarinyar ta warke, amma uwar ta zo ta tsaya tsakar gidana ta ce, "Malama, ba faɗuwar ta ɓata mini rai ba, ɗiya kowa nashi na faɗuwa. Da kun gaya mini da ban bar ta ta yi barci ita kaɗai ba." Ta ɗauke 'yarta, kuma ban ga laifinta ba. Laifin ma ban ɗora wa ma'aikaciyar duka ba, don ni na mayar da kaina abin tsoro.

Bugun kai, ko yaro ya tashi garau, sai an sa masa ido kwana ɗaya: amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba na lokacinsa ba, tangaɗi, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci. Rabin wannan kwanan a gida zai yi shi, to ta yaya za su lura da abin da ba su san ya faru ba?

Yanzu akwai littafi. Duk abin da ya faru, ko ƙurjewar gwiwa ce, a rubuta: ƙarfe nawa, a ina, me aka gani, me aka yi, wa ya yi. Mai ɗaukar yaro ya karanta ya sa hannu. In direba ne ko yayansa ya zo ɗauka, ina kiran uwar da kaina. Wadda ta kawo mini rahoton kuskurenta ba na zaftare mata ko sisi, ba na kuma yi mata faɗa gaban iyaye. Wadda ta ɓoye kuwa, ranar za mu rabu.

Kiran waya ma yana da tsari. Kada ki fara da dogon gaisuwa da "sai dai haƙuri", kafin ki kai ƙarshe uwa ta riga ta zube. Ki fara da halin da yaro ke ciki yanzu: "Hajiya, yana hannuna, idonsa biyu, yana numfashi lafiya. Jikinsa ya yi zafi ya yi jijjiga minti biyu, ta tsaya. Muna hanyar asibiti, ki same mu can." In uba ne, nakan ƙara da cewa, "Alhaji, don Allah a tuƙo a hankali." Ki tafi da shafin yaron da littafin, don tambayar farko da za a yi miki ita ce yaushe ya fara da me aka ba shi.

Inna tana nan har yau, ta tsufa, girkin ma jikarta ke kama mata. Bara da wata yarinya ta yi jijjiga, ita ta riga kowa ƙwala kira, "Ku kwantar da ita ta gefe, kar wadda ta sa mata komi ga baki!" Ita ta riƙe wayata tana kallon lokaci, minti ɗaya da rabi. Albasa dai har gobe ba ta yarda cewa ba ta da amfani ba, ta ce don dai gidana ne.